Fasinjan Safa A Kan Iyakar Nijeriya Da Nijar

Ran 29 ga watan Janairu, 2025, Jamhuriyar Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga ƙungiyar ECOWAS, bayan shekara guda da ba da sanarwa. Tun daga lokacin an yi ta sharhi a kan abin da wannan zai jawo wa shugabanni da sojoji da manyan attajirai. Amma akwai wani mutum wanda ba a cika tunawa da shi ba, alhali kuwa a kansa ne maganar ta ke ƙarewa. Shi ne wanda ya tashi da asuba ya tafi tashar mota a Katsina ko Sakkwato ko Kano, ya biya kuɗin kujera, yana nufin Maraɗi ko Birnin Ƙonni ko Damagaram, don ta'aziyya, ko ɗaurin aure, ko sarin albasa, ko kai yaro makarantar allo. Game da wannan mutum mu ke so mu tattauna da masu karatu yau, musamman ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda suka gaji kujerun malaman En'e, da malaman makaranta, domin su ne talaka ya kan fara tambaya idan takarda ta ɗaure masa kai.

Bari mu fara da yadda abin ya ke a ƙasa, saboda waɗanda ba su taɓa ƙetarewa ba. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Da babu iyaka, da mota mai lafiya ta shanye ta cikin sa'a ɗaya da rabi. To, amma da an isa Magama ta Jibiya sai direba ya kashe mota, kowa ya sauko. Ma'aikatan shige da fice su duba takardun mutane, na kwastan su duba kaya, masu duba lafiya su nemi katin rigakafin shawara, masu hana fataucin ƙwaya su ma su leƙa. In an gama, a ci gaba kaɗan zuwa Ɗan Isa, nan kuma a sāke sabon lale: 'yan sandan Nijar, da jandarma, da 'yan duwan, watau kwastan ɗinsu. Haka ya ke tsakanin Illela da Ƙonni, haka a Kwangwalam ta ƙasar Daura, haka a Maigatari da Kamba. Agogo bai sāke ba, gama lokacin ƙasashen biyu ɗaya ne. Hannun tuƙi bai sāke ba, tun da Nijeriya ta koma tuƙin dama a 1972. Harshe ma bai sāke ba, da Hausa za a ce maka ka sauko a wannan gefe, da Hausa za a ce ka hau a wancan. Abin da ya sāke kuɗi ne, daga naira zuwa sefa, sai kuma launin tufafin ma'aikata.

Wani abu da ya kamata a lura da shi shi ne, tafiyar safa ba kamar tafiyar mai motar kansa ba ce. Mai motar kansa, in takardunsa sun cika, ya wuce. In ba su cika ba, shi kaɗai ya tsaya. Amma safa mai ɗauke da mutum hamsin ko sittin an ɗaure su da igiya ɗaya. Mutum guda wanda ba shi da takarda ya isa ya tsai da sauran duka cikin rana, da masu goyo da tsofaffi. Direba kuwa yana da lokacin da ya ke so ya isa, yana da lodin dawowa da ke jiransa. Daga nan ne wata mummunar al'ada ta samo tushe: kafin a isa shinge sai yaron mota ya bi kujera kujera yana tara abin da za a miƙa, mai takarda da marar takarda duk kuɗi ɗaya. Wanda ya ce shi takardunsa sun cika ba zai ba da ba, ba ma'aikaci ne zai fara yi masa faɗa ba, 'yan'uwansa fasinjoji ne, don suna ganin zai ɓata musu lokaci. Ta haka mutumin kirki ya kan ga takardarsa ba ta amfane shi da kome ba, baɗi ba zai wahalar da kansa wajen neman ta ba. Ba mu ce dukan ma'aikatan iyaka haka su ke ba, akwai masu tsoron Allah da yawa cikinsu. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ita wannan iyaka, da tsawonta ya kai wajen kilomita 1,500, ta shafi jihohi bakwai na Nijeriya, watau Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno, ba mutanen ƙasa suka shata ta ba, kowa ya sani. Ingila da Faransa suka fara jan layi a kan taswira a 1890, daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a gefen tafkin Cadi. Suka gyara a 1898, suka sāke gyarawa a 1904 da 1906. Dalilin gyaran na baya kuwa abin lura ne: Faransawa sun tarar layin da aka ba su ya tura su cikin ƙasar da ba rijiyoyi, ba yadda ayarinsu zai tashi daga Kwara ya isa Damagaram bai halaka da ƙishirwa ba, saboda haka suka nemi a matso musu da layin kudu. Ashe ke nan saboda sauƙin matafiyi aka lanƙwasa iyakar, sai dai matafiyin Bature ne. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suka kafa alamomi 148. Ba su tambayi Sarkin Katsina na Maraɗi, wanda kakanninsa daga birnin Katsina suka fito bayan Jihadi, ko Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni, a wane gefe su ke so su kwana ba. Shi ya sa har yau za ka sami tsoho yana cewa zai tafi "Faransi" gaishe da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya.

Bayan samun mulkin kai shugabanni sun yi ƙoƙarin rage wannan wahala. An kafa ECOWAS a Ikko a 1975, sa'an nan ran 29 ga watan Mayu, 1979, aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar walwalar jama'a. Ya kamata kowane malami ya san abin da ke cikinta, gama gajeriya ce. Ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana da ikon shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin ya bi ta ƙofar da hukuma ta sani, yana riƙe da takardar tafiya mai kyau da ta rigakafi. Motar haya mai ɗauke da fasinja tana iya shiga ta yi har kwana 15, in direba ya nuna lasisinsa da takardun mota da na inshora. A 1982 aka ƙirƙiro katin inshora mai ruwan ƙasa wanda ke aiki a dukan ƙasashen, a 1985 kuma aka fito da 'yar takardar tafiya ta ECOWAS, wadda ta fi fasfo araha da sauƙin samu. Babu inda aka ce a biya ko anini a bakin shinge domin a buga hatimi. Ko da ya ke ba a taɓa bin wannan yarjejeniya sau da ƙafa ba, duk da haka doka ce rubutacciya wadda ta hau kan ƙasashen biyu, mai ilmi yana iya tsayawa ya ce ga abin da aka rubuta.

Amma fa kada mu ɗora wa Nijar laifin da ba nata kaɗai ba. Tun kafin ta fita, mu ne muka fi kowa rufe ƙofa. A 1983 Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takarda. A watan Afrilu, 1984, Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986, abin ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. A watan Agusta, 2019, aka sāke rufewa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur, aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Lalle kaya aka fi nufi da wannan rufewa, amma motar da ke ɗaukar kaya ita ke ɗaukar mutane, kasuwar da ta mutu kuwa ba mai zuwa cinta. Annobar korona ta zo a 2020 ta ƙara ƙulli. An buɗe Illela da Maigatari a watan Disamba, 2020, amma Jibiya da Kamba sai a watan Afrilu, 2022. Ba a yi wata goma sha shida da buɗewa ba sojoji suka hamɓare Shugaba Bazoum ran 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sāke garƙamewa, aka yanke wutar lantarki, har zuwa watan Maris, 2024. Mai alƙalami ya lissafa: daga Agusta 2019 zuwa Maris 2024 wata 55 ne, cikinsu ƙofar Jibiya ta yi wajen wata 40 a rufe. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare a farkon wannan lokaci ya kusa gamawa bai taɓa ganin garinsu cikin harkarsa ta da ba.

Shin a cikin waɗannan watanni mutane sun daina ƙetarewa? Ko kaɗan. Wanda uwarsa ke kwance ba lafiya a Madarunfa ba zai jira taron shugabanni ba. Abin da ya faru shi ne safa ta tsaya nesa da shinge, fasinja ya sauka ya hau babur, a bi da shi ta gonaki da burtali, ya fito can gaba ya nemi wata mota. Kuɗin tafiya ya ninka, haɗari ya ƙaru, musamman a dajin da ke tsakanin Jibiya da Zurmi da kudancin Maraɗi inda 'yan bindiga suka yi sansani. Hukuma kuwa, wadda ta rufe ƙofa domin ta san mai shiga da mai fita, sai ta wayi gari ba ta san ko ɗaya ba, gama wanda ya bi ta gona ba ya rubuta sunansa a littafi. Wanda ke son ganin irin wannan a sarari ya dubi gadar Kwara da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Nijar ta buɗe iyakarta da Nijeriya a watan Maris, 2024, amma ta ƙi buɗe ta Benin, ta ce saboda tsaro. A 2024 da 2025 manyan safofin da ke tsakanin Yamai da Kwatano sai su sauke fasinja a bakin kogi, a zuba su cikin kwalekwale da kayansu, wata safa ta ɗauke su a ɗaya gefen. Ga gada a tsaye lafiya lau, ga mutane suna ratsa ruwa a gefenta.

Yanzu mu zo ga ainihin maganar. Da Nijar ta fita daga ECOWAS, yarjejeniyar Dakar ta daina hawa kanta. Gaskiya ne ɓangarorin biyu sun yi magana mai daɗi. A watan Disamba, 2024, ƙasashen uku, waɗanda suka haɗu cikin ƙawancen da a ke kira AES, suka ba da sanarwa cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashensu ba biza, sai dai sun riƙe ikon hana wanda ba su yarda da shi ba. Ita ma ECOWAS, a ranar fitar, ta umurci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na mutanen ƙasashen uku, su bar su su yi walwala kamar da, har sai an ji wata sanarwa. A lura da wannan kalma ta ƙarshe, "har sai an ji wata sanarwa". Watau abin da a da hakki ne ya koma alfarma. Alfarma kuwa riga ce ta aro, mai ita yana iya karɓe abarsa ran da ransa ya ɓaci. Ran shugabanni kuma ya kan ɓaci: a ƙarshen Disamba, 2024, Janar Tiani ya yi hira da harshen Hausa ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don ta da zaune tsaye a ƙasarsa, Gwamnatin Nijeriya ta musanta. Ba a daɗe ba, a watan Fabrairu, 2025, jaridu suka ba da labarin ana mai da matafiya daga iyakar Ƙonni saboda takardar ECOWAS kaɗai su ke riƙe da ita, ana cewa sai fasfo. A watan Maris na shekarar ƙasashen AES suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigowa daga waje, har da na ƙasashen ECOWAS.

In kuwa maganar ta tsaya a kan fasfo, to, an rufe wa talaka ƙofa ke nan ba tare da an sa kwaɗo ba. Daga 1 ga Satumba, 2025, aka mai da kuɗin fasfon Nijeriya mai shafi 32 naira 100,000, mai shafi 64 kuwa naira 200,000. Mafi ƙarancin albashi da aka yanka a 2024 naira 70,000 ne a wata. Ke nan leburan hukuma sai ya haɗa albashin wata guda cur da kusan rabin na biyu kafin ya sami ɗan littafin da zai kai shi gaisuwar mutuwa a garin da ya ke hango hasken fitilunsa da dare. Balle magidanci mai mata da 'ya'ya, balle manomin da gonarsa ɗaya tana wannan gefe ɗaya tana wancan. Fasfo an yi shi ne domin mai hawa jirgin sama zuwa Makka ko Ingila. Kafa shi sharaɗi ga mai sayar da tumatir a kasuwar iyaka daidai ya ke da ce masa ya koma hanyar gona.

Kada wani ya ɗauka muna neman a ɗage shinge kowa ya wuce yadda ya ga dama. Zamani ya lalace, makamai suna yawo, ana safarar ƙwayoyi da 'yan mata, hukumar da ba ta duba mai shiga ƙasarta ba ta yi sakaci da amanar da aka ba ta. Ma'aikacin da ya sauke mutane ya duba fuskokinsu da kayansu aikinsa ya yi, ya kamata a ba shi haɗin kai. Abin da mu ke cewa shi ne, binciken ba zai yi amfani ba sai mutanen kirki sun ga bin ƙofa ya fi musu sauƙi da araha bisa ga bin daji. Sa'ad da mutum ɗari suka bi ta ƙofa, guda ɗaya ya bi ta gona, an san ko wane ne shi. Sa'ad da dukansu suka bi ta gona, ɓarawo ya sami rumfa.

Hanyar gyara ba ɓoyayya ba ce, kuma ba sai an jira Nijar ta komo ECOWAS ba, abin da ba mu ga alamarsa ba. Tun 1971 ƙasashen biyu suna da Hukumar Haɗin Gwiwa tasu ta kansu, mai hedkwata a Yamai, wadda ta girmi ECOWAS da shekara huɗu. A watan Afrilu, 2025, Ministan Harkokin Waje na Nijeriya, Alhaji Yusuf Maitama Tuggar, ya tafi Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka yi magana a kan farfaɗo da ita. A ganinmu aikin farko da ya cancanci wannan hukuma shi ne ta rubuta yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu kaɗai, wadda za ta faɗi ƙarara wace takarda ce ta isa matafiyi ya ƙetare, ta yarda da katin ɗan ƙasa na kowane gefe, ta kuma yi wa mazauna garuruwan iyaka wani tanadi na musamman. Sa'an nan a rubuta abin da aka yanke da Hausa, boko da ajami, a kan babban allo a kowace ƙofa da kowace tasha, a faɗa a rediyo, har da cewa buga hatimi kyauta ne. Yawancin kuɗin da a ke tatsa a hannun fasinja rashin sani ne ke jawo shi. Ga misali ƙarami: tun watan Yuli, 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke cewa allurar shawara guda ɗaya ta isa mutum har iyakar ransa, ba a sabunta katinta bayan shekara goma kamar da. Fasinja nawa ne cikin safa ɗaya suka san wannan, har su iya amsawa in an ce musu katinsu ya mutu?

A nan ne aikin ya faɗo kan masu karanta wannan shafi. Ba a samun katin ɗan ƙasa ko fasfo cikin sauƙi sai da takardar haihuwa ko ta shaidar asali, waɗannan kuwa daga ofishin ƙaramar hukuma da gidan hakimi da rajistar makaranta su ke farawa. Malamin da ya rubuta sunan yaro Mamman a wannan takarda, Muhammadu a waccan, ya sa shekarar haihuwa ta kintace, ya haɗa wa yaron nan rigimar da za ta tare shi a bakin shinge bayan shekara ashirin, inda na'ura ba ta san Mamman da Muhammadu mutum ɗaya ba ne. Akwai kuma wata matsala mai wuyar sha'ani a garuruwan iyaka: mutumin da aka haifa a Ƙonni, ya yi karatu a Illela, ya yi aure a Tawa, yana biyan haraji a Gwadabawa. Wannan in ya zo neman shaida, bai kamata a kore shi da tsawa ba, bai kuma kamata a sayar masa da ita a bayan ofis ba. A bi doka, a tambayi dagaci da mai unguwa, a rubuta gaskiya. Takardar da aka saya da kuɗi ita ce ke sa ma'aikacin wancan gefe ya daina yarda da takardunmu duka, har da na gaske.

Akwai kuma abin da ke tafe wanda zai tilasta a yanke maganar ko ana so ko ba a so. A watan Fabrairu, 2021, aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda za ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Safa tana ɗaukar mutum sittin, jirgi kuwa ɗaruruwa ya ke kwasowa a tashi ɗaya, kuma ba ya ratsewa ya bi ta gona. Ran da ya fara tsayawa a Jibiya dole a sami ma'aikaci da zai bi tarago tarago yana cewa a fito da takarda, dole kuma a ce tun kafin ranar Abuja da Yamai sun riga sun gaya masa, a rubuce, wace takarda zai karɓa.